Motocin Masu Gona da Alkawarin Rufa'i

Malama Jummare, assalamu alaikum. Ina roƙon ki taimake ni da shawara, domin farin ciki ya zo mini a lokacin da ban shirya masa ba, kuma ina tsoron ya rufe mini ido.

Ni tsohon shugaban makarantar sakandare ne a Gadarif. Shekarun baya, ɗana Rufa'i da abokansa suka buɗe reshen wata ƙaramar jam'iyya ta leburorin gona, masu yankan riɗi da dawa a manyan gonakin tarakta, waɗanda ke kwana a kambo, wato sansanin leburori a cikin gona, nesa da gari. Aƙidarta ita ce mai gumi a gona ya fi mai mallakarta haƙƙi. Babbar buƙatarta kuwa, doka ta tilasta wa kowane mai gona ajiye mota a kambo saboda marar lafiya. Bara, da kakar riɗi, maciji ya sari Rufa'i a wani kambo kudu da garin Ƙala'at an-Nahal. Akwai lori a wurin, amma an yi mata lodi, ba a yarda a sauke ba. A kan amalanken jaki ya cika. Iyakar abin da zan ce ke nan a kan wannan.

Bayan rasuwarsa abokansa suka tsayar da ni takarar majalisar yanki. Na karɓa don kawai in sami abin yi. Malama, da kin ga taronmu na garin Basunda! Mu da tabarma ɗaya ke ɗauke mu, sai ga mata masu shayi, direbobin tarakta, makiyaya, har dillalan riɗi. Na koma gida ina raira waƙar jam'iyya, ni da ban taɓa ɗaga murya a aji ba. Mahaifiyarsa ta dube ni, ta yi murmushinta na farko tun rasuwar. Za mu iya cin zaɓen nan, wallahi za mu iya!

Sai dai zaɓen ya faɗo a tsakiyar yankan riɗi, riɗi kuwa ba ya jira, da ya bushe sai ya zube. Mutanenmu ba za su bar kambo ba sai da izinin masu gona da motocinsu. Ga shi wasu masu gonar sun zo da kansu. Za su shiga jam'iyya, su saki leburori ranar zaɓe, su ba da loriloti. Sharaɗinsu, mu sassauta maganar mai gumi, mu kuma bar batun mota ga tausayin kowa, ba doka ba. Na bincika, wanda ya hana lorin nan ba ya cikinsu. Jibril, aminin Rufa'i, ya rantse zai fice da matasa idan na amince. In na ƙi, masu ƙuri'armu za su wuni a gona. Ana jiran amsata a taro mai zuwa.

Uban Marigayi, Gadarif

Ustaz, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Rufa'i, ya ba ku haƙuri. Kada ka ji kunyar murnarka. Murmushin mahaifiyarsa ya isa shaida cewa ba cin amana ba ce.

Jibril yana da rabin gaskiya. Jam'iyyar da ta sayar da dalilin kafa ta, ko ta ci zaɓe, wasu ta ci wa. Amma ka faɗa masa cikin lumana cewa jam'iyyar da ke korar duk wanda bai yi kama da ita ba zaman makoki take yi, ba siyasa ba.

Sharaɗin nan biyu ne, kada ka auna su da mudu ɗaya. Maganar mai gumi za a iya gyara lafazinta ta yadda ƙaramin mai gona, wanda shi ma a kambo yake kwana, zai ji yana ciki. Maciji ba ya tambayar wa ke da gona. Batun mota kuwa ba ya taɓuwa. Tausayin kowa shi aka gwada bara, ka ga inda ya tsaya. Abin da za ka iya sauƙaƙawa shi ne nauyin: kambo maƙwabta su haɗu a kan mota ɗaya.

Kafin taron, ku je kambo kai da Jibril ku ji bakin leburorin, domin ransu ne ake ciniki a kai. A taron kuma, ka yi wa masu gona maraba a bainar jama'a, sannan ka nemi abu ɗaya: lorin da za ta kwashi mutane ranar zaɓe ta fara tsayuwa a kambo tun yanzu, ba kaya a bayanta. Wanda ya yarda ɗan jam'iyya ne, ka ba shi kujera a gaba. Wanda ya ƙi, ƙuri'a ya zo haya.

Mai yiwuwa wannan ya rage maka ƙuri'u, har ka faɗi. Amma ko lori ɗaya ce ta tsaya a kambo bana, wani uba ba zai rubuto mini irin wasiƙarka ba. Allah ya ba ka nasara, ka gaida mahaifiyar Rufa'i.

Malama Jummare