Takaba a Ɗakin Haya

Dutse

Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto ne don kunnen nan ya daina jin waya.

Maganar Muntari ce, ɗan hayan da ke ɗakin kusa da rijiya. Na san kamfanin fatar da yake aiki a Challawa ya rage mutane, amma shekara ta zagayo ban ga komai ba, kuma da gidan nan nake sayen magani. Tunda Sagir, sabon mai neman haya, ya biya kuɗin ɗakin saboda aurensa, ka ba Muntari wa'adi ya tashi.

Ka gaida yara.
Yayarka, Aina'u

Panshekara

Yaya,

Wa alaikumus salam, ya jiki? Muntari ya rasu ranar Laraba. Ciwon ƙirji ne. Ashe tun azumi yake kwance, ni ina zaton ɓuya yake mini.

Matarsa Talatu ta shiga takaba a ɗakin. Kin san inda miji ya bar mace, nan take zama har ta fita. Bikin Sagir saura wata guda, kuɗinsa kuwa sun tafi asibitinki. Na je gaisuwa, ban yi mata maganar tashi ba. Yaya zan yi?

Allah Ya ƙara sauƙi.
Ƙaninki, Ɗayyabu

Dutse

Ɗayyabu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sai da na sami mai sayen tumakina. Ga kuɗin a hannun direba. Ka mayar wa Sagir, ka ba shi haƙuri ya nemi wani ɗakin. Kada kowa ya yi wa yarinyar nan maganar tashi.

Wassalam.
Aina'u

Panshekara

Hajiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Talatu, matar marigayi Muntari. Maƙwabciyata Indo ce take rubuta mini.

Jiya dangin amaryar Sagir suka zo ganin ɗaki. Ba su san halin da nake ciki ba, ban ga laifinsu ba. Ina zaune a tabarma suna awon bango da igiya. Ɗaya ta ce, "Nan gado zai shiga, amma sai an yi fenti, wannan ɗaki kamar an yi jinya." Wata ta ce mini, "Baiwar Allah, ɗan matsa mu auna taga." Na matsa.

Na aika an tambayi malam. Ya ce wadda aka rasa mata wurin zama tana iya ƙarasawa a gidansu. Gobe zan tafi gidanmu a Ringim. Na so in cika a inda ya bar ni, Allah bai nufa ba.

Abin da kuke bin sa, ku yafe masa don Allah, kada ya kwanta da shi. Ya yi ta ambatonku.

Na gode da zaman da muka yi.
Talatu

Panshekara

Yaya,

Sallama. Takardarki da kuɗin sun iso yau. Talatu ta tafi shekaranjiya, ga tata na haɗo miki. Ina wurin aiki a Sharada matan suka zo. Ban tuna na hana su ba.

Ta share ɗakin, ta bar mukulli wurin Indo. Babu wanda ya san unguwarsu a Ringim. Asabar zan je in yi tambaya.

Ki rubuto yafiyar da hannunki, in tafi da ita.

Ƙaninki, Ɗayyabu