Ramuwar Ci Bakwai

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025
Rufa'i ya ci ni bakwai da nema a ƙwallon gem, yana zaune ɗakinshi Aliero ina nan Jega. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki hoton talabijin ya jefa a zauren dangi na waya, ya rubuta: "Bawana Bature ya zo gaisuwar Sallah, na sallame shi." Taubashina ne, ubanshi yayan uwata, saboda haka al'ada ta ba shi bakina. Amma al'ada ba ta ce ya haɗa da surukaina ba. Har mata sun sa dariya.
Ba iyawa ya fi ni ba. Sabis ne. In na danna maɓalli yau, ɗan wasana sai gobe yake shura. Ni da na bar boko a aji biyu, ga shi da furfura zan koma karatun intanet. Sai na rama, ko da buhunan shagon nan za su ƙare.

Litinin, 7 ga Afrilu
Layin gidan nan na raɗa mashi suna Kunkuru. Na kira ofishinsu, wata yarinya mai daɗin murya ta ce in kashe rawuta, akwatin da ke raba sabis a gida, in kunna. Na ce ɗiyata, tun kafin a yaye ki nake kashewa ina kunnawa.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Wani a kasuwa ya ce in sa rawutar cikin langa in aza bisa kwanon ɗaki, wai langa na tara sabis. Na ɗauko sabuwar langar matata Inno. Kafin azahar rawuta ta yi zafin da za a gasa masara. Sabis bai ƙaru ba, hawan jinin Inno ne ya ƙaru. Ta ce in auren gem zan yi in fito fili, ita za ta kai lefe.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Ɗiyata Mufida ta zo hutun mako daga jami'a. Ta buɗe wani wuri a gem ɗin ta nuna mini NAT, lamba uku. Na ce to ai uku ta fi ɗaya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai uku ƙofa ce a kulle, biyu a sakaye. Layukan sim irin nawa, in ji ta, kamar gidan gandu suke: unguwa guda zaure ɗaya, baƙo ya yi ta sallama ba a san wa yake nema ba. Wannan na gane, a irin gidan na tashi.
Ta ce in daina wasa ta iska, in ja waya daga rawuta zuwa gem. Kuma duk sanda nake wasa Inno na kallon fim da sabis ɗin. Ashe maƙiyi a cikin gida yake, yana dafa mini tuwo.

Laraba, 16 ga Afrilu
Na sauya layi. Wannan Alkawari sunanshi. A talla yana tashi sama, a tsakar gidana sabis sanda biyu kacal. A Maiyama wurin ƙanina kuwa gudu yake kamar an biyo shi. In koma Maiyama da zama don Rufa'i? Na yi tunanin, ban ɓoye ba.

Asabar, 19 ga Afrilu
Rufa'i ya turo saƙon murya: "Bawana, mi ya hana ka tahowa fili? Ko sai an aiko maka da jaki?" Na yi ta saurare har Inno ta ƙwace wayar.

Alhamis, 24 ga Afrilu
Zacchaeus, mai haɗa intanet na ofisoshin ƙaramar hukuma, ya zo da wani farin faranti na wani kamfanin daban. Ya ɗaure shi kan dogon ƙarfe, ya yi ta juya shi har ya fuskanci turken sabis na bakin hanya. Ya ja waya har bayan talabijin, ya kira kamfanin ya yi ta Turanci sai da suka buɗe ƙofar. Lamba biyu ta fito. Na ba shi fura, ya tambaye ni aikin mi nake yi da ke son sabis haka. Na ce shari'a ce tsakanina da wani.
Yanzu ɗan wasana kafin in gama tunani ya shura. Ban gaya wa kowa ba. Mufida na gargaɗe ta, in ta haɗu da kawunta Rufa'i a Aliero ta ce har yanzu muna cikin wahala.

Talata, 6 ga Mayu
Atisaye kullum bayan la'asar. Babban yatsana ya yi kanta. Na sa wa Rufa'i rana, Juma'a.

Juma'a, 9 ga Mayu
Na rama! Aka tafi hutu ɗaya da ɗaya. Da aka dawo sai 'yan wasanshi suka tsaya cak, kamar masu jiran liman. Na ce yau Allah ya ɗanɗana mashi abin da nake sha. Ban ji tausayi ba. Na zuba, na zuba, sai da na kai takwas, don bakwai ramuwa ce kawai, ɗayar riba. Na ɗauki hoto na jefa a zaure: "Ubangidana ya yi barci a fili, a kawo mayafi."
Shiru. Ko mai dariya ɗaya. Hassada ce.

Asabar, 10 ga Mayu
Ba sabis ba ne. Mufida ta kira da safe. Jiya a daidai lokacin hadari ya sauka Aliero, mu nan ko ɗigo. Iska ta yaye jinkar rudu, rumbun da Rufa'i ya adana albasarshi ta bana, wadda yake jira ta yi tsada. Ya jefar da abin dannawa ya fita da gudu shi da iyalinshi. Ni kuwa ina nan ina ɗura wa mutanen da babu mai su.
Kowa a zauren ya sani, ban da ni. Inno ma ta sani kafin magariba. Ta ce ta ga ina rawa a tsakar gida, ta rasa ta inda za ta fara.
To ni na aiko ruwan?

Lahadi, 11 ga Mayu
Na tahi Aliero. Dama ina da buhunan da suka daɗe a shago suna cin wuri, sai na kwasa. Na iske shi durƙushe yana tsintar mai kyau cikin ruɓaɓɓa, warin har bakin titi. Na zauna muka yi ta tsinta. Can ya ce, bai ko ɗago ba: "Takwas ɗin nan fa sun shiga, Bature."
Na ce ban ga takwas ba, ɗaya da ɗaya na gani. Ya ce hoto na nan. Na ce wane hoto.
Na goge shi tun a mota. Wayata ce ta cika.
Gobe zan koma, akwai sauran rudu guda. Ba don shi ba. Mutumin da hankalinshi ke kan albasa ba ya ciwuwa da daɗi.