Rasuwar Dakta Gershon Didam da Hanyar Kai Shi Gida

Cikin alhini da nauyin zuciya, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Manoman Citta ta Yankin Kafanchan ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma mai ba ta shawara, Dattijo Dakta Gershon Kambai Didam, malamin lissafi mai ritaya, dattijon ikilisiya, wanda ya yi barci cikin Ubangiji bayan gajeriyar rashin lafiya a nan Kafanchan. Muna neman gafarar iyalinsa da jama'a bisa jinkirin wannan sanarwa. Mun yi ta jira ne mu haɗa ta da ranar jana'iza, ranar kuwa ta ƙi samuwa.

Marigayin ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da wani fannin lissafi da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, wato lissafin zaɓen mafi dacewa, inda ake ba kwamfuta matsala tare da sharuɗɗanta, ta fara da ƙiyasi, ta riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan har ta kai inda babu sauran gyara. Injiniyoyi na amfani da shi wajen auna kaurin ƙarfen gada da raba wutar lantarki. Shi kuwa da ya yi ritaya sai ya kawo shi gonar citta, sanye da kwat, yana tsallake kunya kamar mai tsoron ɓata takalmi. Gaskiyar Allah, mun yi masa dariya. Direbobinmu ne suka laƙaba masa Baba Kwamfuta, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa da wannan suna yake amsawa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kafin zuwansa, matanmu ne ke ɗauko buhunan citta a ka daga ƙauyuka zuwa bakin titi, motoci kuma su yi ta zagaye rabi a cike, mai na ƙonewa a banza. Dakta ya bi kowace hanya da ƙafarsa daga Madakiya har Zangon Kataf da Godogodo, ya auna nauyin da kowace gada za ta iya ɗauka, ya tambayi direbobi inda taɓo ke riƙe taya da inda ba a bi idan la'asar ta yi, sannan ya zuba duka a kwamfuta. Tun daga wannan kaka mota take shiga har ƙofar rumbu. Da lissafin nan ya gyara mana haɗin taki, da shi ya zaɓi girman bututun rijiyar sola ta 'yan zumuntar matan ikilisiya, bai kuma taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Idan kwamfuta ta ce babu amsa, ba ya fushi da ita. Yakan ce a koma a duba sharuɗɗan, domin sau da yawa akwai guda da mu muka ɗora wa kanmu.

Yanzu ga inda muke, kuma muna faɗa da ɓacin rai. Gawar Dakta tana mutuware, gidan ubansa kuma yana Ungwan Didam, ƙetaren rafi. Ruwan watan jiya ya tafi da gadar, gadar da shi kansa ya yi ta gargaɗi a kanta har muryarsa ta dushe. Hanyar bayan dutse babu direban da zai bi ta ko da rana tsaka saboda masu garkuwa da mutane, ba za mu kuma tura ɗan kowa ba. Hanya ta uku kuwa ta zama taɓo, tarakta ma ta maƙale a ciki. Wasu masu kyakkyawar niyya sun ba da shawarar a binne shi a maƙabartar gari. Dattawan gidan sun ce ɗan gida ba ya kwana a waje, gefen mahaifinsa zai kwanta. Uwargidansa, Mama Serah Didam, ta ce tun a gadon asibiti ta yi masa alkawarin kai shi gida, ba za ta cire baƙin kaya ba, ba kuma za ta koma ɗakinta ba sai ta cika shi. Tana zaune a tabarma a falo tun ranar. A can ƙauye matasa sun riga sun haƙa kabari, ruwa na cika shi, kowace safiya suna kwashewa da bokiti.

Da abin ya ishe mu, mun roƙi Injiniya Tamar Shekari, tsohuwar ɗalibarsa wadda ke kula da tsarin motocinmu, ta sa Ungwan Didam a matsayin zango, ta tambayi lissafin Dakta hanyar da za a kai Dakta gida. Amsa ta fito cewa babu hanya. Ta sake, ta canja mota, ta rage nauyi, amsar dai ita ce. Wasu 'yan kwamitinmu har da hawaye. Sai Injiniya Tamar ta koma kan sharuɗɗan kamar yadda Dakta ya koya mata, ta ga cewa gada ba mu muka karya ba, daji ba mu muka rufe ba, amma mota mu muka sa ta cikin sharuɗɗan, domin don citta aka yi tsarin. Ta cire ta. Nan take hanya ta fito: tsohuwar turbar da iyayenmu mata ke bi da buhu a ka, mai ƙetare rafin a wurin duwatsu inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ashe ita ma Dakta ya auna ta, bai share ta ba.

Muna addu'a Allah na dukan ta'aziyya ya ƙarfafa Mama Serah, da 'ya'yansu Barista Meshak da Malama Edna, da jikoki, da dukan gidan Didam, da Rabaran da membobin ikilisiyarsa, ya ba su ƙarfin ɗaukar wannan rashi da begen tashin matattu cikin Yesu Almasihu. Amin.

Saboda haka, da yardar iyali da dattawa, za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa idan Ubangiji ya riƙe ruwan sama. Mota za ta tsaya a bakin rafi. Muna kira ga kowane memba mai ƙarfin kafaɗa ya zo da takalmin roba da gammo, a bar kwat a gida. Shekara da shekaru wannan bawan Allah ya sauke mana kaya daga ka. Ranar Asabar mu za mu ɗauke shi.

Sa hannu:
Dattijo Andrawus Bakut
Sakataren Yaɗa Labarai,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Manoman Citta ta Yankin Kafanchan