Na Ce wa Jami'an Tsaro Inna Ba Ta da Hankali

Assalamu alaikum ƴan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Zugu, ina cikin matasan jam'iyya a Bukkuyum. Bara da kaka ƴan bindiga suka kashe mutanenmu suna yankan gero, har da ƙanena Murtala, sai da gawarsa ta kwana biyu a gona ba mai iya ɗauko ta. Da aka ce gwamna zai zo jaje, ciyaman ɗinmu na jam'iyya ya ba ni tsaron ƙofar rumfa, ya ce kar in bar mai dogon baki ya kusanci lasifika.

Inna ta ce sai ta ga gwamna, ba shinkafa take so ba, tambayarsa za ta yi, tunda ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai tsare rayukanmu, wa Allah zai tambaya ran ɗanta? Na ce ta zauna gida, ta ce ai ita ma ta dangwala masa.

Ranar sai ga ta a babur, da rigar Murtala cikin leda. Jami'an tsaro suka tare ta, ta nuno ni ta ce ga ɗanta can. Ciyaman yana kallona. Na ce, "Ba ta da hankali, ku fitar da ita." Suka ja ta, ledar ta faɗi aka tattake. Daga baya gwamna da bakinsa ya tambaya ko akwai mai magana cikin waɗanda aka yi wa rashi, muka tura matar da muka shirya, ta yi godiya ta zauna.

Maganar ta bi Inna har gida, yanzu ko gidan suna ta je, mata jan jiki suke yi, in ta yi magana a ce a ƙyale ta, ɗanta ma ya faɗa. Har yau tana aiko min tuwo, amma tun ranar magana ɗaya ta yi min, ta ce, "Na rufe ɗa guda, gudan ya rufe ni."

Yanzu gwamna zai zo Gummi, an sake ba ni ƙofa, ciyaman ya ce in na yi kyau ni ne kansila. Inna ta riga ta yi magana da mai babur. In na bar ta ta shiga na gama yawo a jam'iyya, kuma wa ma zai saurare ta bayan abin da na ce? In tare ta, ko in kama hannunta in tsaya gaban jama'a in ce ƙarya na yi wa uwata?