Allurar Garmahon Inna Ta Ƙare

Zuwa ga Yaya Sale, a Kano.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya aikin jirgi, yaya Yaya Hajara da yara? Mu nan Haɗeja sai godiyar Allah, amma hankalina a tashe yake.

Tun da kogi ya ci ƙaninmu Habu, Inna ba ta magana, ba ta cin abinci. Rannan na kunna garmahon da Baturen da na yi wa kuku ya bar mini. Akwai wani tsohon faifai, mata biyu suna waƙar ibadarsu ta zamanin kakanninsu. Baturen ya taɓa gaya mini kukan wata uwa ce da ɗanta ya mutu. Da na faɗa wa Inna haka, sai ta ce, "Sake sa mini ita." Ranar ta sha kunu.

Yanzu sai faifan yana juyawa take buɗe baki. Maƙwabta suna ta tsegumi wai na kawo waƙar coci gida. Su yi ta yi.

Yaya, allurar garmahon ta ƙare. Na gwada ƙayar aduwa, tana cinye faifan, muryar har ta dushe. Don Allah ka nemo a kantin Turawa na kamfanin Kwara, ka ba direban motar gyaɗa mai zuwa Haɗeja, kada ka jira ƙarshen wata. Jiya Inna ta ture kwano ta tambaye ni, "Ita ma matar ta gaji da kukan ne?"

Ku sa mu a addu'a. A gaida Baba Ladi.

Ƙaninka,
Garba