Wanda Ya Tare Mini Fitilu

Diffa, daren Laraba, kakar tattasai

Yau aka kawo hotunan da na aika wanki Maiduguri, na zuwanmu Kano da tattasai bara. A Sabon Gari na ƙarar da fim ɗin kyamarata kan fitilun silima da gidajen rawa, wai don 'yan garinmu Shetimari su ga birni. Duk sun fito baƙi ƙirin, sai ɗaya: Yaya Bukar ya faɗo gaban kyamara, tsire a hannu, yana dariya. Har faɗa na yi masa ranar: "Yaya, matsa mana, ka tare mini fitilu!"

Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma ba shi da wani hoto. Inna ta daɗe tana shafa fuskar, sannan ta ce, "Da ka bar shi ya tare duka."