Ka maido gatarin Baba

Zuwa ga yayana Isuhu, ma'aikacin gandun daji, a duk inda gwamnati ta aje shi can kudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lahiya, kai da iyalinka da aikin nan naka da ya hi maka kowa. Ni ce ƙanwarka Hadiza, mai tuwon shinkafa a kasuwar Malanbil. Na rubuta takardar ga a hili, inda jama'a za su karanta, tunda ka daina ɗaukar wayata. In kai ba ka gani ba, wani abokin aikinka zai gani ya kai maka. Kunyar da za ka ji kuwa, wallahi ba ta dame ni ba.

Inna ba ta da lahiya. Tun bayan girbi take kwance a gidanmu na Gene, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya haɗiye komi sai koko. Likita ya ce mu maida ta gida mu kula da ita, ka dai san nuhinsa. Mutuwar ba ta ba ta tsoro. Abu guda take tambayata kullum, wai da mi za a ruhe kabarinta. Kai ka jawo tambayar ga, Yaya, don haka kai za ka amsa ta.

Ko ka manta ɗan wa kake? Kai ɗan Baba Mamman masassaƙi ne. Turmi da taɓarya sunka saya maka littattahan lakwal, wato makarantar boko. Amma abin da mutanen Gene sunka hi sanin Baba da shi ba turmi ba ne. Duk gidan da anka yi rasuwa, kahin masu gina kabari su gama, Baba ya saɓa gatari ya shiga daji ya dawo da itacen kirya, gajeru masu kauri, waɗanda ake jerawa bisa mamaci kahin a zuba ƙasa. Kirya yake sara don gara ba ta cin ta da wuri. Bai taɓa karɓar ko goro ba. Yakan ce mutum ya gama wahalar duniya, bai kamata ƙasa ta faɗo mishi a huska ba.

Ranar da ka fara sa koren kaki, Inna ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Ni kaina na bi ƙawayena gida gida ina alfahari. Da daminar da ta biyo baya ka zo da 'yan itatuwan kirya cikin leda, kai da Baba kunka dasa su a gehen gonarmu. Kana ta bayani wai daji na ƙarewa, wai in ba a tsare shi ba jikokinmu ba za su san kirya ba. Baba na gyaɗa kai, shina kallonka kamar ka sauko daga Makka.

Ban ce ƙarya ka yi ba. Ina da ido. Dajin da muke tsoron shiga muna yara, yanzu daga bakin hanya kana hangen ƙarshensa. Masu gawayi sun cinye shi, kuma dole wani ya tsaya. Amma da anka dawo da kai Gene a matsayin shugaba, sai kunnenka ya cika da maganar mutane, wai ɗan masassaƙi ba zai iya tsare daji ba, wai zai ɗaure wa ubansa gindi. Sai ka shiga neman ranar da za ka nuna musu.

Ka kuwa same ta, ranar da tsohuwa Gambo maƙwabciyarmu ta rasu.

Ka tare Baba a bakin dajin gwamnati, shina tahe da ɗaurin itace a ka. Kana bisa babur, yaran aikinka biyu na bayanka. Ka sa ya sauke. Haba Yaya! Ka dubi itacen nan, ka ga tsawonsu. Wa ke sare kirya guntu guntu haka don ya sayar ko ya ƙona? Kai da ka sha ɗaukar irinsu zuwa maƙabarta kahin ka san haruffa? Ka sani sarai. Duk da haka ka karɓe gatarinsa a gaban masu wucewa, ka ce doka ba ta san uba ba. Itacen ka bari anka kai wa Gambo, wai kai mai tausayi. Gatarin kuwa ka jefa shi ɗakin ajiya, cikin na ɓarayin daji.

Baba ya shigo gida hannu sake. Bai zage ka ba, bai ma ambaci sunanka ba. Inna ta tambaye shi ina gatari, ya ce hukuma ta karɓa. Gatarin nan na kakanmu ne, ƙotarsa kawai ake sakewa. Maƙeri ya so ya ƙera mishi wani, ya ce a bari, ba zai sa ɗansa ya kama shi sau biyu ba. Tun daga ranar bai ƙara sassaƙa ko muciya ba. Zama yake a zaure shina kallon hanya.

Kuma ka ci nasara, ina taya ka murna. Duk Gene anka shiga taitayi. Mutane sunka ce wanda ya kama ubansa, wa zai bari? Ko reshen kiryar gonar mutum ba mai taɓawa sai da takardar izini daga biro, ohishinku na gandun daji.

Da damina ta zagayo Baba ya rasu, kana can rangadi cikin daji inda waya ba ta shiga, biro kuma a kulle. Gawa ba ta jiran takarda. Kiryar da kunka dasa tana tsaye a gonarmu ta yi rassa, amma babu namijin da ya yarda ya ɗaga mata gatari. Kawu Sani ya ce shi yana da 'ya'ya, ba zai kwana hannun jandarma ba. Mutumin da ya ruhe kabarin rabin gari, ranar nan anka rasa itacen da za a ruhe nashi. Tir!

Anka shiga tattara abin da ke cikin gida. Anka cire tsohon ƙyauren ɗakin girki, anka haɗa da taɓare. Sai anka aiko daga maƙabarta cewa bai kai ba, wajen kan Baba ya rage. Ina zaune kusa da Inna. Ta miƙe ta gangaro da turminta, wanda Baba ya sassaƙa mata da anka kawo ta amarya. Ta ce a fasa. Kawu ya ari ɗan gatarin faskare a maƙwabta. Har yau in na ji ana faskare a kasuwa sai gabana ya faɗi.

Ka iso bayan an watse. Ka tsaya a zaure da takalmanka, ka kasa shiga wajen Inna. Ba a jima ba ka nemi a maida ka kudu. Wannan ne ban yahe maka ba, hiye ma da gatarin. Ka iya tsayawa gaban tsoho ka karanta mishi doka, amma ka kasa durƙusawa gaban tsohuwa ka ce ka yi kuskure.

Ita kuwa, ka san halinta. In na fara zaginka sai ta ce in ruhe mata baki, wai kai ne ka goya ni kana kai ni ganin kwale-kwale a bakin kogin Kwara. Na tuna, ban manta ba. Hotonka na koren kaki na nan bisa bangonta, kullum sai na share mata shi. Jiya da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida, ta yunƙura za ta tashi, ta ce Isuhu ne. Mai kawo mini shinkafa ne.

Don haka ga abin da nike so. Ka nemi izini wajen manyanka, ka hau mota ka taho. Ka biya biron Gene ka hiddo gatarin Baba, za ka gane shi, ƙotar ta yi baƙi inda yake riƙewa. Ka rubuta wa kanka duk takardar da doka ke so. Ka zo ka zauna da Inna tun tana gane mutane. In ranar ta zo, kai da hannunka za ka shiga gonarmu ka saro kiryar da ka dasa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sassauta wa Inna. Kai kuma Allah Ya tsare ka a hanya, Ya raba ka da girman kan nan, ni Ya raba ni da hushin da nike kwana da shi.

Ka yi sauri, Yaya. Inna ba ta da wani turmin da za mu fasa.

Ƙanwarka,
Hadiza